Yadda na zana Mar Mina, sojan da ya ajiye takobinsa

Duk wanda ya ɗan zauna cikin Kiristocin Masar, waɗanda muke kira Kibɗawa, zai lura da yawan masu suna Mina. Akwai su a ajinmu na jami'a a Alƙahira, mai kantin maganin unguwarmu Mina ne, haka ma yaron da ke kawo mana gurasa da safe. A motocin haya da shaguna kuma ba ka rasa ganin hoton wani saurayi cikin kayan soja, ya buɗe hannuwansa sama, raƙuma biyu sun durƙusa dama da hagunsa. Ni ɗan Wusasa ne ta Zariya, a cocin Angilika na tashi, inda ban saba ganin hoton kowa a bango ba. Labarin shahidan farko da na sani bai wuce na Istifanus da aka jejjefe ba. Saboda haka da wani abokin karatuna ya gaya mini ana koyar da zanen hotunan tsarkaka a ɗakin taron wani coci a Shubra, wata unguwa a Alƙahira, kowace Asabar, kuma ba a korar baƙo, zanen ne ya ja ni. Mahaifina kafinta ne, cikin ƙanshin katako na girma.

Mai koyarwar dattijuwa ce, kowa Tasoni yake ce mata, yadda suke kiran mata masu hidimar coci. Salon Ishaƙ Fanus take koyarwa, mutumin da ya farfaɗo da wannan sana'a a Masar. An haife shi a 1919, ya shugabanci sashen zane na Cibiyar Nazarin Kibɗawa da ke Abbasiyya, ya rasu a 2007, kuma da wuya ka shiga sabon cocin Kibɗawa yau ba ka ga tasirin hannunsa ko na ɗalibansa ba.

Ranar farko ban taɓa buroshi ba. Ta tambaye ni wane waliyyi nake so in zana, na ce mai raƙuman nan. Ta ce, "Mar Mina ke nan, ɗana. Sai ka san shi tukuna." Ta ɗauko Sinaksar, littafin tarihin tsarkaka da ake karantawa a cocinsu, ta buɗe mini ranar 15 ga watan Hatur na kalandar cocinsu, ta ce in karanta har sai na iya ba da labarin da ka. Sannan ta shimfiɗa mini ƙa'idojin ajin. Da addu'a ake fara aiki. Wanda ya zo da fushi a zuciya ya zauna ya niƙa launi, kada ya taɓa fuska. Mai iko ya yi azumin Laraba da Juma'a irin nasu, ba nama, ba ƙwai, ba madara. Da na ce mata ni ba ɗan cocinsu ba ne, ta ce in yi addu'ar da uwata ta koya mini, ta isa.

Wannan ya zo daidai da Nairuz, sabuwar shekararsu, wadda yawanci ke faɗawa 11 ga Satumba. A nan na fara gane matsayin shahidai a wurin mutanen nan. Kalandar cocinsu daga shekarar 284 take fara ƙirga, shekarar da Dikiladiyanus ya hau gadon sarautar Rum, kuma sunanta kalandar shahidai. Sarkin da ya fi kowa zubar da jininsu, daga hawansa suke lissafin zamani. Ranar bikin ana cin jan dabino ɗanye, yara ma sun haddace bayaninsa: jan bawo jinin shahidai ne, farar tsokar ciki tsarkin zuciyarsu, ƙwallon kuma bangaskiyar da ba ta fasuwa. Na duba ko zan ga alamar makoki a wurin, ban gani ba. Biki ne sosai.

Babbar tsanantawar ta fara ne a Fabrairun 303, lokacin da aka rushe cocin Nikomidiya, aka ba da doka a rushe majami'u, a ƙone littattafai masu tsarki, a tuɓe Kiristoci daga muƙamai. Daga baya aka tilasta wa kowa yin hadaya ga allolin Rum. Abin da ake nema a zahiri ba shi da yawa: ka barbaɗa ɗan turare a wuta, ka zuba ɗan ruwan inabi, ka ɗanɗana naman yanka, ka koma gida wurin iyalinka. Tun a shekarar 250 Sarki Dakiyanus, wanda masu tafsiri ke ambata a ƙissar Ashabul Kahfi, ya sa ana ba duk wanda ya yi hadaya takardar shaida, kuma an tono irin waɗannan takardu fiye da 40 a Masar, da sa hannun jami'an da aka yi a gabansu. Wannan ya daɗe yana yi mini yawo a zuciya. Da babban abu ake nema, da ƙin yinsa ya fi sauƙin fahimta. Mutane da yawa sun yi hadayar, wasu sun sayi takardar da kuɗi, coci kuma ta sha fama da batun yadda za a karɓe su in sun tuba.

Mina Bamasare ne. Al'adar Kibɗawa ta ce an haife shi wajen 285 a garin Nikiyu, a yankin Manufiyya na yanzu, iyayensa Kiristoci ne masu hali, kuma uwarsa ta daɗe tana roƙon haihuwa kafin ta same shi. Ya shiga soja yana matashi, ya samu girma saboda sunan mahaifinsa. Da dokar ta iso, sai ya kwance ɗamarar soja, ya rabar da dukiyarsa, ya shiga daji. Shekara biyar ya yi can yana azumi da addu'a. Sinaksar ya ce wata rana ya ga sama a buɗe, shahidai sanye da kambuna, wata ruwayar kuma ta ƙara da cewa an yi masa alkawarin kambi uku, na tsarkin jiki, na zuhudu, da na shahada. Sai ya sauko gari ya tsaya gaban mai mulki ya ce shi Kirista ne. Littattafan Girkawa sun ce a Kotiyayon abin ya faru, wato Kutahya ta Turkiyya a yau, ranar wani biki da jama'a suka cika filin wasa. An lallashe shi da muƙami, ya ƙi. An yi masa bulala, an tsattsaga jikinsa da farcen ƙarfe, an ƙona shi da wuta, daga ƙarshe aka sare kansa. Kibɗawa suna sa shekarar a 309, wasu majiyoyi suna kawo ta kafin haka.

Da na ba Tasoni labarin, ta gyara mini 'yan wurare, sannan ta miƙo mini katako.

A nan na ji ni a gida. Busasshen allo ne, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Ana fara karce fuskarsa da wuƙa domin gam ya samu makama. Gam ɗin na fatar zomo ne, ana jiƙa shi ya kwana, a narkar da shi a kan ruwan zafi, ba a bari ya tafasa don ƙarfinsa zai mutu. A shafa wa katakon, a shimfiɗa farin ƙyallen auduga a kai, a lallaɓe da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe har iska ta fita. In ya bushe sai a dama gam ɗin da garin alli, kaurinsa kamar na kunun tsamiya, a riƙa shafawa shafi bayan shafi, wannan a tsaye, na gaba a kwance, kowanne sai ya bushe a ɗora wani. Bakwai ne mafi ƙaranci a ajinmu. Gaggawa a wannan mataki ita ke sa allo ya tsage bayan shekaru, kuma ba ya gyaruwa daga sama. Sai gogewa da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har allon ya yi sumul. Makonni suka tafi a kan wannan, hancina da gashina duk alli.

Zanen farko a takarda ake yi, da kamfas da rula, domin salon Fanus yana da lissafi. Idanu manya, kunnuwa a bayyane, baki ƙarami. Bayanin da ake ba ɗalibai shi ne waliyyi mai yawan duban Allah ne, mai yawan sauraro, mai ƙarancin magana. Gaba da gaba yake kallonka. Mugaye irin su Yahuza ne ake zanawa ta gefe.

Na tambaye ta me ya sa ba za mu zana lokacin da ake sare kansa ba, tunda nan ne ƙololuwar labarin. Ta ce akwai masu sa irin wannan a ƙananan hotuna a gefen allo, amma a tsakiya ana zana shi yadda yake yanzu, ba yadda aka yi masa ba. Ta ce in duba hannuwansa a tsofaffin hotuna. Na duba. Tun a jikin 'yan tulunan yumɓu na ƙarni na 6 da na 7 haka yake tsaye, cikin gajeriyar rigar soja da mayafi a kafaɗa, hannuwa a buɗe, babu komai a cikinsu. Akwai hotunan baya-baya da ke nuna shi a kan doki, amma tsohon shi ne wannan. Soja ne, ya san riƙon takobi, yana da abokai a runduna, duk da haka da siffar mai addu'a hannu wofi aka fara saninsa.

Na san tambayar da ke zuciyar mai karatu a nan, Musulmi ne ko ɗan cocinmu: wannan ba bautar gumaka ba ce? Ni ma da ita na shiga ajin, ganin yadda ake sumbatar hotuna ana kunna kyandir a gabansu. Amsar da suke bayarwa tsohuwa ce ƙwarai. Wajen shekarar 155 aka kashe Polikab, bishop na Simirna, Izmir ta yanzu, tsoho tukuf wanda ya ce shekara 86 yana bauta wa Almasihu bai taɓa cutarsa ba, don haka ba zai zage shi ba. Wasiƙar da ikkilisiyarsa ta rubuta bayan mutuwarsa tana nan har yau. A ciki sun faɗa ƙarara cewa Almasihu suke yi wa sujada, shahidai kuwa ƙaunarsu suke yi a matsayin almajiransa masu koyi da shi. Sun ce sun tattara ƙasusuwansa, waɗanda suka fi musu duwatsu masu daraja, kuma za su riƙa taruwa a wurin don tunawa da waɗanda suka riga su da kuma shirya waɗanda za su biyo baya. Wannan magana ta ƙarshe ita ta tsaya mini, cewa tunawar horo ce ga masu rai. Ban zama ɗan Otodoks irinsu ba, har yau ba na roƙon waliyyi ya yi mini addu'a yadda suke yi, amma na gani da idona cewa mutanen nan sun san katako, sun san Allah, ba sa haɗa su.

Zinariya ake fara sawa kafin launi. Ana shafa jar ƙasa mai laushi da aka dama da gam a da'irar da ke kewaye da kai, a goge ta ta yi santsi. Fallen zinariyar siriri ne ƙwarai, iska kaɗan ke ɗauke shi, don haka ana rufe taga a kashe fanka. Sai ka sunkuya ka huro numfashi mai ɗumi a kan jar ƙasar, danshin ya farkar da gam ɗin, nan take ka ɗora zinariyar. A wannan wuri Tasoni kan tuna wa ɗalibai Adamu, ƙasa da numfashi. In ya kama sai a goge da dutse mai santsi har ya yi ƙyalli.

Launi kuwa da ƙwai ake haɗa shi. A ware gwaiduwar, a huda 'yar fatarta a tsiyaye cikin kofi, a ƙara ruwa da ɗan khal, wato ruwan tsami (vinegar), don kada ta yi saurin lalacewa. Da wannan ake dama garin launi, iya abin da za a yi aiki da shi a ranar. Yawancin launukan daga ƙasa suke, ja, ruwan ɗorawa, ruwan ƙasa, kore. Yana bushewa da wuri, ba ya yarda a koma a murza shi, sai dai a ɗora wani siririn shafi a kai. Kuma daga duhu ake farawa a tafi haske. Fuskar Mina da farko ruwan ƙasa ce mai duhu gaba ɗaya, ba ido ba hanci. Sai a riƙa ɗora haske a goshi, a karan hanci, a kumatu, a haɓa, kowane shafi ya fi na baya haske ya kuma fi shi ƙanƙanta, har fuskar ta fito. Ba a zana inuwa a ƙasa ko a bango, domin ba daga taga ko fitila hasken ke zuwa ba, daga cikin mutumin yake fitowa.

Fuskar ce ta fi cin lokacina, kuma ba don wuyar hannu kaɗai ba. Tasoni ta ce abu biyu ba sa shiga fuskar shahidi, tsoro da fushi. Tsoro na gane. Fushin ne ya tsaya mini a wuya. Mu 'yan jihar Kaduna, Kirista da Musulmi, mun binne mutane a rikicin shekarar 2000, mun sake binnewa a 2011, kuma gidaje da yawa suna da sunan da ake ambata da ƙasa-ƙasar murya. Na san yadda muke tuna matattunmu. Tare da waɗanda suka kashe su muke tuna su, har wani lokaci fuskar makashin ta fi ta mamacin fitowa a zuciya, haka kuma muke miƙa wa 'ya'yanmu. A allon da ke gabana babu mai mulkin da ya yanke hukunci, babu hauni, babu ko takobin. Shekara fiye da 1,700 mutanen nan suna tuna Mina, suna raɗa wa 'ya'yansu sunansa. Ba su manta an zalunce su ba, kalandarsu ma shaida ce, kuma har a zamaninmu an sha kai musu hari a cikin majami'u. Sun dai zaɓi wanda za su riƙa kallo kullum, kuma wanda aka kashe suka zaɓa.

Ɗan layi ɗaya tsakanin gira biyu ya isa ya mai da fuska ta mai fushi. 'Yar lanƙwasa a gefen baki ta isa ta mai da ita ta mai raini. Da ƙaramin buroshi kake neman fuskar mutumin da ya san za a kashe shi, bai firgita ba, bai kuma tsani masu kashe shi ba, hannu kuwa abin da ke zuciya yake zubawa. Akwai Asabar da na zo raina a ɓace saboda wani labari da na ji daga gida. Na bi ƙa'ida, na zauna a gefe ina niƙa wa wasu launi har aka tashi. Ranar na gane hikimar dokar.

Wata tambaya kuma ta hana ni sakat. Mina ya riga ya tsira, yana daji ba mai nemansa. Me ya sauko da shi? Wannan ba neman mutuwa ba ne? Na kai wa limamin cocin, na ce, "Abuna, ka warware mini wannan." Ya ce coci ba ta koya wa mutum ya je ya nemi a kashe shi. Ya tuna mini Almasihu da kansa ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan. Polikab ma ya fita ya ɓuya a ƙauye sai da aka je aka kamo shi, kuma wasiƙar nan ta ambaci wani Kwintus da ya kai kansa da zafin kai, da ya ga namun daji ya karaya ya yi hadaya, marubutan suka ce ba sa yabon masu kai kansu. Bitrus, shugaban cocin Iskandariyya a zamanin Mina, ya rubuta dokoki a 306 game da waɗanda suka faɗi, bai zargi waɗanda suka gudu ba. Shi kansa ya ɓuya na wani lokaci, daga baya aka kama shi aka sare kansa a 311, Kibɗawa na kiransa cikamakin shahidai. Game da Mina, Abuna ya ce shekaru biyar ɗin nan su ne amsar. Ba da zafin rana ɗaya ya fito ba, sai da ya gama da son duniya sannan aka kira shi, da ya fito kuma ransa kaɗai ya kawo, bai taɓa na kowa ba. Ya ce yawancinmu ba za a kai mu filin wasa ba, abin da ya rage mana shi ne shekarun dajin: azumi, gaskiya a wurin aiki, haƙuri da maƙwabci. Na karɓi wannan amsa, ko da yake har yanzu in na tuna ya bar mafakarsa da ƙafarsa, gabana yakan faɗi.

Raƙuman na bar wa ƙarshe, kuma a nan na fi sauran ɗalibai sabo, don na sha ganin yadda raƙumi ke fara naɗe ƙafafun gaba kafin na baya in zai durƙusa. Labarinsu shi ne, bayan an kashe shi an jefa gawar a wuta ba ta ƙone ba, masu bi suka ɗauke ta. Aka kawo ta Masar ta jirgin ruwa, aka ɗora wa raƙumi, da aka iso hamadar Maryut, kudu maso yammacin Iskandariyya, raƙumin ya durƙusa ya ƙi tashi. Aka sauya wani, shi ma haka. Sai aka binne shi a nan. Labarin warkarwa a wurin ya bazu, aka gina coci, coci ya zama gari guda. A ƙarni na 5 da na 6 garin, wanda ake kira Abu Mina, na cikin manyan wuraren ziyara na Kiristoci, da babbar majami'a ta marmara, wurin baftisma, masaukai da gidajen wanka. Masu ziyara kan tafi da ruwa ko mai a 'yan tulunan nan masu hotonsa, an kuma tono su a wurare masu nisa, daga Ingila da Jamus har Sudan. Wani Bajamushe mai suna Kaufmann ne ya tono garin tsakanin 1905 da 1907, bayan rairayi ya daɗe da binne shi.

Hoto bai cika ba sai an rubuta sunan mai shi. Na rubuta da haruffan Kibɗanci a gefe ɗaya, da Larabci a ɗaya gefen. A ƙasa na sa addu'ar da tsofaffin masu zane ke sawa, ta roƙon Ubangiji ya saka wa wanda ya yi wahalar aikin.

Idinsa na 15 ga Hatur yawanci yana faɗawa 24 ga Nuwamba, Girkawa kuma 11 ga Nuwamba suke yi. Washegarinsa Kibɗawa ke shiga azumin Kirsimeti na kwana 43. 'Yan ajinmu suka yi hayar bas, muka kama hanyar hamada ta Iskandariyya tun asuba, kowa da allonsa a naɗe cikin tawul. Gidan 'yan zuhudu na Mar Mina sabo ne, a yankin Burjul Arab, dab da kufan tsohon garin. Baba Kirillos na 6 ne ya aza harsashinsa a Nuwamban 1959, shekarar da ya zama shugaban cocin. Kafin nan sunansa na zuhudu Mina ne. Ya rasu a 1971, kabarinsa yana can, a 2013 kuma aka sa shi cikin tsarkaka.

Ban taɓa shiga cunkoso irin wannan a wurin ibada ba. Manoma daga kudancin Masar cikin jallabiyya, 'yan boko daga Iskandariyya, mata da jarirai a kafaɗa. Ana cire takalmi kafin a shiga. Ƙasusuwan waliyyin suna cikin wani bututun katako naɗe da karammiski. Ranar idi ana shafa masa haɗin kayan ƙanshi da suke kira hanuɗ, a rarraba wa jama'a kaɗan-kaɗan. Ana rera yabo da Kibɗanci da Larabci, ana kaɗa kuge da ɗan ƙarfe mai kusurwa uku, mutane na ta ajiye 'yan takardun roƙo. Hoton da za a kafa a coci bishop ne ke keɓe shi ya shafa masa man mairun, wato tsarkakken man coci. Namu na ɗalibai ne, don haka wani ɗan zuhudu ya riƙa karɓa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora a kan akwatin ƙasusuwan, ya yi addu'a ya mayar mana.

A harabar wani dattijo ya riƙe hannuna ya tambaya ko daga Gana nake. Na ce Najeriya. Ya ce, "Ai duk ɗaya ne, ɗana, ku mutanen Matta ne." Matthew Ayariga yake nufi, wanda aka yanka tare da Kibɗawa 20 a bakin teku a Libiya a farkon 2015, wanda yawancin rahotanni suka ce ɗan Gana ne. 'Yan ci-rani ne, leburori, yawancinsu daga ƙauyukan Minya. Baba Tawadros na 2, shugaban cocin Kibɗawa, ya sa su cikin Sinaksar, ana tuna su 15 ga Fabrairu, an gina musu coci a ƙauyen Al-Ur, a 2020 kuma aka kawo gawar Matthew aka ajiye tare da ta sauran. Na ga hotonsu a kantin gidan. Sun jeru cikin kayan nan masu ruwan lemo, fuska ɗaya baƙa a cikinsu, dukansu suna duban Almasihu. A wanda na gani ba a zana masu wuƙaƙen ba. Na daɗe a gabansa, domin yanzu na san irin aikin da mai zanen ya sha kafin ya fitar da kowace fuska ba tsoro ba fushi, shi kuwa mutanen da ya zana iyayensu mata suna raye.

Da la'asar muka ƙarasa kufan, inda ginshiƙan marmara ke kwance cikin rairayi. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1979. A 2001 ta mai da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari, saboda noman rani da aka buɗe a kewaye ya ɗaga ruwan ƙarƙashin ƙasa, ƙasar yumɓun ta yi laushi, gine-gine suka fara zaftarewa. An kafa famfunan zuƙe ruwan, a 2025 aka cire shi daga jerin.

Allon nawa bai gama ba tukuna. Launin ƙwai yana buƙatar watanni ya ƙeƙashe kafin a shafa masa man kariya, in an yi gaggawa sai ya jiƙe ya ɓaci. Tasoni ta ce in kawo shi bayan Ista mu shafa tare. Kafin nan ta sa ni neman katakon da ya fi wannan faɗi, domin Dimyana za mu zana, wadda aka kashe a zamanin Sarki Dikiladiyanus tare da 'yan mata 40, kuma kowace a cikinsu sai an yi mata tata fuskar.